'NO MAN'S LAND': Wa ya dasa nakiyar da ta tarwatsa Yugoslabiya?

FIM: No Man's Land
SHEKARA: 2001
LABARI DA UMARNI: Danis Tanovic
'YAN WASA: Branko Djuric, Rene Bitorajac, Filip Sovagovic, Georges Siatidis, Katrin Cartlidge, Simon Callow
TSAWO: Minti 98

Da yawa daga cikin masoya finafinan Indiya har yau ba su gama hucewa ba kan abin da ya faru a Amurka a cikin watan Maris na 2002. A lokacin ne aka sa ran Lagaan na Aamir Khan zai ɗauko wa Indiya kambun Oscar na finafinan da ba da Ingilishi aka yi su ba. Su kuma Faransawa su na ganin Amelie ɗin su ba shi da abokin karawa. Da aka buɗe ambulan sai aka ji sunan wani ɗan ƙaramin fim daga Bosniya, na wani matashi ɗan shekara 33 wanda bai taɓa yin dogon fim ba kafin wannan. Babu rawa, babu waƙa, babu soyayya. Maza uku ne a cikin rami, ɗayan su ma a kwance ya ke kusan tun daga farko har ƙarshe.

A gani na alƙalan ba su yi son kai ba. To amma ba wannan ce gardamar da ta fi muhimmanci a kan fim ɗin ba. Akwai masu kallo da masu sharhi da su ka ɗauka cewa saƙon sa shi ne: a yaƙin Yugoslabiya kowa mai laifi ne, ƙabilu ne kawai da su ka gaji ƙiyayya tun kaka da kakanni su ka far wa juna. Wannan fahimta kuskure ce, kuma fim ɗin da kan sa ya ƙaryata ta, in dai an kalle shi da idon basira.

ƘASAR DA AKA NEMA AKA RASA

Waiwaye adon tafiya. An kafa ƙasar ne a ranar 1 ga Disamba, 1918, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rusa daular Ostiriya da ta Usmaniyya. Da farko sunan ta Masarautar Sabiyawa da Kuroshiyawa da Sulobeniyawa, sai a 1929 Sarki Alexander ya raɗa mata Yugoslabiya, wato ƙasar Silabawan kudu. Sabiyawa Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Otodoks, Kuroshiyawa da Sulobeniyawa 'yan Katolika, sannan ga Musulmin Bosniya waɗanda kakannin su su ka musulunta bayan Turkawa sun ci ƙasar a 1463. Abin lura shi ne, Basabiye da Bakuroshe da Musulmin Bosniya harshe ɗaya su ke yi, bambancin bai wuce na Kananci da Sakkwatanci ba.

A cikin Afrilu 1941 Hitler ya mamaye ƙasar, aka shiga kashe-kashen cikin gida. 'Yan Ustasha na Kuroshiya su ka yi wa Sabiyawa da Yahudawa da 'yan ƙabilar Roma kisan kiyashi, musamman a sansanin Yasenobas. 'Yan Chetnik na Sabiya su ka karkashe Musulmi da Kuroshiyawa. Waɗanda su ka yi nasara a ƙarshe su ne dakarun sa-kai na 'yan gurguzu a ƙarƙashin Josip Broz Tito, waɗanda su ka haɗa kowace ƙabila. A 1945 Tito ya maida ƙasar tarayyar jamhuriyoyi shida: Sabiya, Kuroshiya, Sulobeniya, Bosniya, Montenegro da Masedoniya, da larduna biyu a cikin Sabiya, Kosobo da Boibodina. Taken sa shi ne 'yan'uwantaka da haɗin kai. Batun wa ya kashe wa a lokacin yaƙi kuwa, sai aka ce a bar kaza cikin gashin ta.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar ta kasance wata ƙaramar alhaki. Tito ya ja daga da Stalin a 1948 ya kuma kwana lafiya. A Belgred aka yi taron farko na ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a 1961. Kamfanin su na Energoprojekt ne ya gina filin baje-kolin duniya na Legas da aka buɗe a 1977, kuma masu sha'awar ƙwallo ba su manta da Bora Milutinovic ba, wanda ya jagoranci Super Eagles a gasar cin kofin duniya ta 1998. Shi kan sa Tito mayen kallon fim ne. Gwamnatin sa ta zuba maƙudan kuɗi a finafinan yaƙi irin su Battle of Neretva na 1969, wanda aka ɗauko Yul Brynner da Orson Welles su ka fito a ciki, da Sutjeska na 1973 inda Richard Burton ya fito a matsayin Tito. A ƙidayar 1981 sama da mutum miliyan ɗaya sun ƙi su ambaci wata ƙabila, su ka ce su 'yan Yugoslabiya ne kawai. A 1984 birnin Sarayebo ya karɓi baƙuncin gasar Olamfik ta lokacin sanyi.

Tito ya mutu a ranar 4 ga Mayu, 1980, ya bar bashin waje na kimanin dala biliyan 20, da kujerar shugabanci ta mutum takwas da ake karɓa-karɓa duk shekara. Tattalin arziki ya shiga halin ni-'ya-su, har a 1989 hauhawar farashi ta haura kashi dubu cikin ɗari. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Slobodan Milosevic ya gano cewa kukan Sabiyawan Kosobo tsani ne na hawa mulki. Ya soke 'yancin lardin a 1989, ya tara dubban ɗaruruwan jama'a a filin da aka yi yaƙin Kosobo na 1389 ya na yi masu tuni da shekara 600, sannan ya mallake ƙuri'a huɗu daga cikin takwas ɗin nan. A Janairun 1990 jam'iyyar gurguzu ta dare. Zaɓuɓɓukan shekarar su ka kawo 'yan kishin ƙabila irin su Franjo Tudjman a Kuroshiya. Gidajen talbijin na Belgred da Zagreb su ka shiga tono kaburburan 1941, kullum dare ana nuna wa mutum cewa maƙwabcin sa jikan wanda ya yanka kakan sa ne.

A ranar 25 ga Yuni, 1991, Sulobeniya da Kuroshiya su ka ɓalle. Ta Sulobeniya ta zo da sauƙi, kwana goma aka yi ana faɗa. A Kuroshiya sai da aka maida garin Bukobar kufai. Masedoniya ta fita salin-alin. Bosniya ce ta shiga tsaka mai wuya, domin Musulmi kusan kashi 44 ne cikin ɗari, Sabiyawa 31, Kuroshiyawa 17, kuma a cakuɗe su ke, gida na jikin gida. Ta zauna, Milosevic ya haɗiye ta. Ta fita, a yi yaƙi. Ta fita bayan ƙuri'ar raba gardama, yaƙi ya ɓarke a cikin Afrilu 1992. Kafin a tsaida shi a ƙarshen 1995, kimanin mutum 100,000 sun mutu, sama da miliyan biyu sun bar gidajen su.

LABARIN FIM ƊIN

Duk wannan dogon tarihi, Tanovic ya tattara shi ya zuba a rami guda, a cikin yini guda. Sunan fim ɗin, a bakin sojoji, ya na nufin filin nan da ke tsakanin bakin dagar rundunoni biyu, wanda ba na kowa ba ne.

Wasu sojojin Bosniya da aka tura karɓar aiki sun ɓata a cikin hazo da daddare. Gari na wayewa, hazo ya yaye, sai ga su a gaban bindigogin Sabiyawa. Aka buɗe masu wuta. Chiki ya samu rauni, ya faɗa cikin wani ramin yaƙi da aka yi watsi da shi a tsakiyar fili. Sabiyawa su ka tura mutum biyu su dubo: wani tsohon hannu, da wani sabon shiga mai tabarau, Nino, wanda ko riƙon bindiga bai gama iyawa ba. Su ka tarar da Tsera, abokin Chiki, a sheme kamar gawa. Tsohon sojan ya haƙa ƙasa ya dasa nakiya, su ka ɗora Tsera a kai. Irin nakiyar nan ce da ba ta tashi in an danne ta, sai an ɗaga, sannan ta yi tsalle sama ta fashe. Manufar sa ita ce idan 'yan'uwan mamacin sun zo ɗaukar gawa, su bi shi.

Chiki, wanda ke laɓe ya na ji, ya fito ya harbe tsohon, ya raunata Nino. Can kuma sai gawa ta motsa. Ashe Tsera suma ya yi. Sunan sa ya yi kama da tsira a kunnen Bahaushe, amma tsirar ce babu: in ya tashi, duk su ukun sun tafi.

Chiki da Nino su ka tuɓe daga su sai gajeren wando, su na kaɗa fararen riguna. Ko wane ɓangare ya rasa gane ko na wa ne, sai duk su ka kira sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani sajan Bafaranshe, Marchand, ya gaji da zaman kallo, ya taka umarnin manyan sa ya tafi ramin. Wata 'yar jarida Baturiyar Ingila, Jane, ta tsinci zancen a rediyon sojoji, ta yi barazanar fallasa. Nan da nan wuri ya cika da kyamarori. Aka kawo wani Bajamushe ƙwararre kan kwance nakiya, ya duba ya ce wannan kam ba ta kwantuwa. Chiki ya harbe Nino a gaban 'yan jarida, sojan Majalisa ya harbe Chiki. Shi kuma babban hafsa, Kanar Soft, ya sa aka ɗauki wani abu a lulluɓe aka saka a jirgi mai saukar ungulu, aka shaida wa duniya cewa an ceto Tsera. Kowa ya watse. Kyamara ta yi sama a hankali, rana na faɗuwa, ga Tsera can a kwance shi kaɗai, riƙe da hoton matar sa.

LAIFI TUDU NE

Fitowar da ta fi shahara a fim ɗin ita ce ta gardamar wa ya fara yaƙi. Ana ruwan igwa a waje, su biyun sun maƙale a ɗan ɗakin da ke cikin ramin, kowa na lissafa wa ɗan'uwan sa garuruwan da aka ƙona. Da Chiki ya gaji sai ya saita bindiga ya maimaita tambayar, Nino ya amsa cewa su ne su ka fara. Ba a jima ba bindiga ta koma hannun Nino, shi ma ya yi tambayar, Chiki ya amsa cewa su ne. Mai kallo zai yi dariya, kuma a nan ne da yawa su ka tsaya, su ka ce ai shi kenan, darakta ya ce laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

To amma a duba da kyau. Abin da fitowar ta nuna shi ne cewa a bakin bindiga ba a samun gaskiya, sai dai amsar da mai bindiga ke so. Ba ta ce gaskiyar babu ita ba. Tanovic ya aje ta a wasu wurare guda uku. Na farko, mun ga hannun da ya dasa nakiyar, mun ga fuskar mai ita, mun ji ya na alfahari da dabarar sa. Na biyu, kayan jikin su: Nino na sanye da cikakken kakin soja, ɓangaren sa na da tankoki da igwa, shi kuwa Chiki wata tsohuwar riga ce a jikin sa mai tambarin mawaƙan Rolling Stones, da takalmin da bai yi kama da na soja ba. Wannan ba ado ba ne. Sabiyawan Bosniya sun gaji makaman rundunar Yugoslabiya, alhali takunkumin sayen makamai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba a 1991 ya ɗaure hannun gwamnatin Sarayebo. Na uku, a tsakiyar fim an saka rahoton talbijin mai ɗauke da hoton gaske na Radovan Karadzic a majalisar dokokin Bosniya a 1991, ya na gargaɗin cewa Musulmi za su iya shuɗewa daga doron ƙasa.

Wato dai darakta ya raba abu biyu da mutane kan cakuɗa. Talakawan da ke cikin rami daidai su ke wajen tsoro da taurin kai da wauta. Nino ba dodo ba ne, yaro ne mai ladabi, har hannu ya miƙa don su gaisa aka ƙi karɓa. Chiki kuma ba waliyyi ba ne, shi ne ma ya fi saurin hannu. Amma daidaiton mutum biyu a rami bai sa waɗanda su ka haƙa ramin sun zama daidai ba. Wannan shi ne ƙarfin rubutun, kuma ina jin shi ya sa aka ba shi kambun tsara labari a bikin Cannes na 2001. Mutumin da ya rubuta shi ba jin labari ya yi ba. Tanovic ya na ɗalibin fim a Sarayebo aka yi wa birnin ƙawanya, ya ɗauki kyamara ya bi sojojin Bosniya bakin daga. Duk da haka bai maida maƙiyin sa dabba ba.

Batun tsohuwar gaba kuwa, fim ɗin ya rusa shi da fitowa guda. Ana cikin hira sai ta bayyana cewa wata budurwa da Chiki ya taɓa nema a garin Banja Luka, 'yar makarantar su Nino ce. Nan take fuskokin su su ka saki, su na kwatanta ta su na dariya kamar abokan zaure. Daƙiƙa kaɗan, sai kowa ya tuna inda ya ke. Haka kuma a duk fim ɗin su biyun ne kaɗai ba su buƙatar tafinta. Masu shuɗin hular kwano da su ka zo sulhu su ne ke yawo su na tambayar wa ke jin Faransanci, wa ke jin Ingilishi. Hatta zaɓen 'yan wasan magana ce: Rene Bitorajac da ya fito a Basabiye ɗan Kuroshiya ne, shi kuma Branko Djuric da ya fito a sojan Bosniya, mahaifin sa Basabiye ne, mahaifiyar sa Musulma. Ɗan wasan barkwanci ne da aka sani a duk faɗin tsohuwar ƙasar kafin yaƙi.

Masu karatun littattafai za su tuna da The Bridge on the Drina na Ivo Andric, wanda ya samu kyautar Nobel a 1961. Labarin wata gada ce a garin Bishegrad da wani wazirin Usmaniyya ɗan asalin yankin ya sa aka gina, da yadda Musulmi da Kirista da Yahudawa su ka yi ƙarnoni su na shan gahawa a kan ta, su na kuma zargin juna. 'Yan siyasa da 'yan jaridar Turai sun sha jingina da littafin don su ce mutanen nan dama can haka su ke. A 1992 a kan wannan gadar aka riƙa yanka Musulmin garin ana jefawa kogi. Sai dai ba gada ce ta yi kisan ba, ba kuma tarihi ba ne. Mutane ne masu suna, da motoci, da jerin sunayen waɗanda za a kama, kuma kotun duniya ta Hague ta ɗaure wasun su.

'YAN RABON FAƊA

Rabi na biyu na fim ɗin ya juya kan Majalisar Ɗinkin Duniya da 'yan jarida, kuma a nan bulalar ta fi tsanani. Sajan Marchand ne ya faɗi maganar da ta zama ƙashin bayan fim ɗin, cewa in ana kisa a gaban ka, ƙin yin komai ma ɗaukar ɓangare ne. Manyan sa ba mugaye ba ne irin na finafinan da mu ka saba gani. Abin da ya dame su kawai shi ne kada a ce sun yi, kada kuma a ce ba su yi ba. Ita ma Jane, da ta zo kamar mai ceto, tambayar da ta ke yi wa Nino ita ce ko zai yarda ya yi magana a kyamara. Da aka ce an gama, mai ɗaukar hoton ta ya nemi ya leƙa ramin, ta ce a bar shi, rami ai rami ne. Taku kaɗan ya rage tsakanin ta da labarin gaskiya.

Ita kuwa nakiyar, ba sai an yi dogon fashin baƙi ba. Yarjejeniyar Dayton ta 1995 ta tsaida harbi, amma ta raba Bosniya gida biyu, ta ba ta shugabanni uku a kujera ɗaya, da wani baƙo daga waje mai sa ido. Har yau a kan wannan tsari ƙasar ke kwance, ba ta tashi ba, ba ta kuma fashe ba.

KUSTURICA YA BI WATA HANYAR

Don a gane darajar abin da Tanovic ya yi, sai a aje shi kusa da Underground na Emir Kusturica, shi ma haifaffen Sarayebo, wanda ya ci babban kambun Cannes a 1995 ana tsakiyar yaƙi. Fim ne na kusan awa uku, cike da bushe-bushe da bukukuwan aure da hauka. Marko ya ɓoye abokin sa Blacky da wasu jama'a a ɗakin ƙarƙashin ƙasa lokacin mamayar Jamus. Yaƙi ya ƙare, ya ƙi gaya masu. Shekara kusan ashirin ya na kunna masu jiniyar ƙarya, su na ƙera makamai ya na sayarwa, ya aure matar da abokin ke so, ya zama babba a gwamnatin Tito. A matsayin hoton mulkin da ke rayuwa da tsoratar da jama'ar sa, da wuya a samu wanda ya fi wannan. Fitowar ƙarshe ma, inda matattu su ka dawo ana shagalin biki a kan wani yankin ƙasa da ya ɓalle ya bi ruwa, ta na sa hawaye.

Ta fuskar gwanintar kyamara da ƙirƙira, Kusturica ya fi Tanovic nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce inda ya kai mai kallo. In ka gama Underground, abin da zai zauna maka shi ne cewa mutanen Balkan haka Allah ya yi su: su sha, su yi rawa, su kashe juna. Yaƙin 1992 ya zo a ƙarshen fim kamar guguwa, babu wanda ya shirya shi, sai dillalan makamai. An nuna tsofaffin hotunan yadda aka tarbi sojojin Hitler da murna a Maribor da Zagreb, aka jera su da Belgred da ta sha bama-bamai. Amma Sarayebo, garin su daraktan, wanda ake yi wa luguden wuta a daidai lokacin da ake ɗaukar fim ɗin, ba a ga ƙawanyar sa ba. Ga shi kuma gidan talbijin na gwamnatin Sabiya na cikin waɗanda su ka sa hannu a aikin. An yi ta cece-kuce a Faransa, har Kusturica ya ce ya bar fim, daga baya ya dawo. Wasu masu sukar sun wuce gona da iri, domin akwai wanda ya yi rubutu tun bai kalla ba. Duk da haka tambayar ta na nan: fim ɗin ya yi wa ƙasar kuka mai ratsa zuciya, amma ya ƙi faɗin wanda ya kashe ta.

INDA AKA SAMU GIƁI

No Man's Land bai rasa nasa rauni ba. Da zarar labari ya fita daga rami, sai ya yi sako-sako. Kanar Soft, da sakatariyar sa da allon darar sa a ofis, zanen barkwanci ne kawai, ba mutum ba. Simon Callow ya cika gishiri, har ya sauƙaƙa wa Majalisar laifi, domin mai kallo zai ce ai matsalar mugun hafsa guda ce. Haka nan ba a shimfiɗa wa harbin ƙarshe tabarma sosai ba. Daga raha zuwa yunƙurin kisa, an yi saurin juyawa, kamar darakta na duba agogo.

Babban giɓin kuwa shi ne fararen hula. Yaƙin Bosniya ba na sojoji a ramuka ba ne kawai. An yi shi ne a kan mata da yara da tsofaffi, a layin ɗiban ruwa da kasuwa da sansanonin tsare mutane. Sarayebo ta yi kwana 1,425 a cikin ƙawanya. An ƙona babban ɗakin karatun ta a 1992. Dakarun Kuroshiyawa sun rusa tsohuwar gadar Mostar a 1993. Sabiyawa fiye da dubu ɗari da hamsin sun tsere daga Kuroshiya a 1995. Duk wannan babu shi a fim ɗin, mace ma in ka cire baƙi, sai a hoto.

Wadda ta cike wannan giɓi ita ce Jasmila Zbanic, da fim ɗin ta Quo Vadis, Aida? na 2020. Labarin wata malamar makaranta ce da ke aikin tafinta wa sojojin Holan a Srebrenica, garin da Majalisa ta ce tudun mun tsira ne. A cikin Yuli 1995 dakarun Ratko Mladic su ka shiga, aka ware maza da samari sama da 8,000 aka kashe. Aida na da katin aiki a wuya, ta na gudu daga ofis zuwa ofis don a saka sunan mijin ta da 'ya'yan ta biyu a takarda. A nan babu dariya ko kaɗan, kuma hafsoshin ba zane ba ne, mutane ne masu rawar jiki da ke bin doka har ta kai su ga miƙa mutane ga mahauta. Abin da Tanovic ya faɗa da habaici, Zbanic ta faɗe shi ƙarara. Wadda ta fito a Aida, Jasna Djuricic, 'yar Sabiya ce. An yanke wa Mladic da Karadzic ɗaurin rai-da-rai. Milosevic ya mutu a tsare a 2006 kafin a yanke masa hukunci. A shekarar ce Montenegro ta fita, Kosobo ta bi a 2008, duk da cewa Sabiya ba ta amince ba.

HUKUNCI

Ga masu shirya fim, akwai abin ɗauka. Da rami guda, da 'yan wasa ƙalilan, da yini guda, kusan babu kiɗa, an ba da labarin rugujewar ƙasa mai mutum sama da miliyan 20. Ba a tsaida kowa ya yi wa'azi ba. Ƙishirwa da sigari da ƙaiƙayi da matsuwar bayan gida na mutumin da ba shi da damar motsawa, su su ka isar da saƙon. Filip Sovagovic, wanda fuska da murya kaɗai aka bar masa, ya fi kowa wasa a fim ɗin.

Shawara ta ita ce a kalli ukun a jere. Underground zai nuna maka abin da aka rasa, da yadda mai hazaƙa kan iya kauda kai. Aida zai nuna maka abin da aka aikata. No Man's Land kuma shi ne zai hana ka faɗin maganar nan mai sauƙi, wai duk ɗaya su ke. Lagaan ya sallami mai kallo da ruwan sama da murna, kuma ba laifi ba ne. Wannan kuwa ya sallame ka ne da mutum a kwance bisa nakiyar da ka ga lokacin da aka dasa ta, ka kuma ga wanda ya dasa.